Goshin Jikar Eneida

Eneida ta ƙare ƙuruciyarta tana karɓar haihuwa a wani ƙaramin asibiti a garin Cienfuegos. Rabin samarin unguwar ita ta fara ganin fuskarsu, kafin ma iyayensu mata. Sai ga shi da tsufanta, jikarta tilo da aka haifa a tsallaken teku, goshinta kaɗai ta sani. Abin yana ci mata rai ƙwarai.

'Yarta ta bar mata tsohuwar kwamfuta da modem, ɗan akwatin da ke haɗa ta da duniya ta layin tarho. Kullum da yamma sai ta dafa kofi ta zauna. Akwatin ya yi tari, ya yi fito, ya ɗauki shuuu kamar ruwan sama a kan kwano. Ita kuwa ta lumshe ido ta bi ƙarar ta ƙarƙashin teku, ta ratsa kifaye da jiragen da suka nutse, har bakin ƙofar 'yarta. Sannan hoton da aka aiko ya fara saukowa sannu sannu: labule, farar hula, goshi. Nan layin yake mutuwa.

Ba abin da ba ta gwada ba. Ta sauya waya, ta goge bakin wayar da barasa, ta yi wa akwatin fifita wai ko zafi ne. Ma'aikacin tarho ya hau falwaya ya sauko, ya ce komai lafiya lau. Har tantabarun da ke sauka kan wayar sai da suka sha zagi, bayin Allah.

Wata rana, daidai mutuwar layin, ta ji an ajiye kan tarho a bayan bango. Layinta ɗaya ne da Fermín, tsohon masuncin da ke maƙwabtaka da ita. Ashe da ya ɗaga tarhonsa, nata haɗin yake yankewa. Ta saka silifas ta faɗa gidansa.

"Tsohon banza, ashe kai ne aljanin. Wa kake kira kullum, kai da ko gaisuwa sai an roƙe ka?"

"Ba kira nake ba, maƙwabciya," in ji Fermín. "Dubawa nake ko layin yana da rai."

Sai ta tuna. Ɗansa Reinaldo ya hau kwale-kwalen tayoyi ya shiga teku don ya tsallaka ƙetare shekaru da suka wuce, har yau ba labari. Ita ta yanke wa yaron cibiya.

Washegari ta jawo tsohon zuwa ɗakinta, ta danƙa masa kofi, ta ce ya riƙe da hannu biyu. Goshi ya sauko, gira ta biyo, sai ga idanu, manya, suna kallon ta. Eneida ta dafa gilashin kwamfutar tana hawaye.

"Hancinki ta kwaso, baiwar Allah," in ji Fermín. Ya daɗe yana kallon jaririyar, sannan ya sassauta murya. "In kin gama kallo, sakar mini layin. Kada ɗana ya bugo ya tarar muna kai."