Yayana Mai Lissafin Tanki

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, Allah Ya karɓi ranka, Yaya, bayan jinyar kwana tara. Ni ƙaninka mai walda, sai yau na iya riƙe biro.

Shekara ashirin da shida muna ƙera tankuna a shago ɗaya, ni da wuta, kai da alli. Mutum zai zo ya ce yana son tanki mai cin lita dubu biyar, gindinsa tsukakke kamar mazurari, kansa da murfi mai tudu. Sai ka tsuguna a kan siminti ka raba shi gida uku: gangar jiki daban, mazurari daban, murfi daban. Ka lissafa abin da kowanne zai ci, ka haɗa, ka ce, "Auta, yanka nan." Ni kuwa in yanka. Wallahi ban taɓa tambayar dalili ba.

Sau ɗaya na yi karambani, lokacin da ka yi tafiya. Na ɗauka mazurari rabin abin da ganga mai faɗi da tsayi irin nasa ke ci yake ci, na ƙera wa wani mai sabulu tanki a kan haka. Ranar da aka zuba masa mai, sai ga shi yana ambaliya har bakin titi. Da ka dawo, kai ka je ka ba shi haƙuri, ka ce kuskurenka ne. Ba ka yi min faɗa ba. Gwangwani ka ɗauko, ka naɗe kwali ya zama mazurari mai faɗi da tsayi irin nasa, ka sa na cika mazurarin da yashi ina juyewa a gwangwanin. Sai da na juye sau uku gwangwanin ya cika. Ka yi dariya ka ce, "To, Malam rabi, zauna in koya maka sauran."

Na ce gobe, aiki ya yi min yawa. Haka na riƙa ce maka har furfura ta cika min gemu. Kaico!

Yanzu ga littafin lissafinka a aljihun tebur, lambobi cunkus, kuma ko shafi ɗaya ban gane ba. Na kai wa wani malamin makaranta lissafin wani tanki, ya ba ni amsa a takarda, amma bai san kaurin ƙarfe ba, bai san abin da lanƙwasa ke ci ba. Mutum huɗu sun zo neman tanki a makon nan. Kowanne ya yi min gaisuwa, ya dubi simintin da babu alli, ya ce zai dawo. Na san ba za su dawo ba. Gida biyu ke ci daga shagon nan, naka da nawa, kuma ina jin tsoro, Yaya. Kaina ya tsufa da koyo.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba Inna haƙurin rashin ɗan farinta.

Ke kuma mai ɗakinsa, da ku 'ya'yansa biyar, Allah Ya ba ku dangana. Ku yafe min. Ranar da kuka tambaye ni ko shagon zai ci gaba na ce ƙwarai kuwa, ban faɗa muku gaskiya ba.