Sai An Duba

A ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin shagon mai gyaran agogo da ɗakin ɗaukar hoto, akwai wani ɗan lungu da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. A nan Mai Hatimi ya yi shekara arba'in da ɗaya yana sassaƙa sunayen mutane a juye. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tokare da katako, rezoji da yake wasawa da kansa, fallayen roba, gilashin ƙara girman rubutu, sai wani ƙaton littafi mai baƙin bango. Duk hatimin da zai fita daga hannunsa sai ya buga shi sau ɗaya a littafin nan, ya rubuta kwanan wata a gefe.

Allah sarki, zamani! A da, takarda ba ta zama takarda sai da hatimi, kuma rabin hatiman garin daga lungun nan suka fito. Shugabannin makarantu, masu shagon magani, ƙungiyar direbobi, duk a bencinsa suke zama su jira. Amma mutumin yana da wata ɗabi'a mai ƙular da masu sauri. Ba ya sassaƙa wa kowa hatimin wata ma'aikata sai an kawo masa wasiƙa daga can, kuma ko an kawo sai ya ɗora gilashinsa a kan tambarin da ke jikinta, ya yi ta kallo kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

"Hannun maƙaryaci rawa yake yi," in ji shi. "Ko ya kai wa iya kwaikwayo, sai ka ga wutsiyar harafi ta yi kauri, ko da'ira ta ƙi haɗuwa. Ƙarya ba ta iya zana abu sak."

Kuma bai taɓa kuskure ba. An yi wani mai kwat da ya zo neman hatimin asibiti da wasiƙa fes. Mai Hatimi ya duba, ya ga tauraron da ke tsakiyar tambarin tsininsa ɗaya ya dakushe. Ya ɗago ya ce masa, "Ranka ya daɗe, wanda ya yi maka wannan ya iya, amma ni na sassaƙa na gaskiyar." Mutumin ko wasiƙar bai tsaya ɗauka ba.

Sunan shagon kuwa matarsa ce ta raɗa shi, da tsokana. Ko sabon zane ta ɗaura ta ce, "Ya yi kyau?" sai ya ce, "Sai an duba." Ta ce to, shi ke nan, ya samu suna. Layin gaba ɗaya ya ɗauka, har ya haƙura ya rubuta shi a allon shago, ya kuma sassaƙa wa shagon hatiminsa na kansa: SAI AN DUBA, cikin da'ira biyu. Kullum da rana idan ta kawo masa abinci, ita take zama ta buga shi a jikin takardun da ake naɗe aikin da aka gama. Shekara talatin tana haka, har mariƙin katakon ya lotsa daidai inda babban yatsanta ke zama. Yau shekara tara da rasuwarta, amma idan ya riƙe hatimin nan yatsansa a gurbin nata yake faɗawa.

Daga baya inji ya zo, mai fitar da hatimi kafin shayi ya huce. Benci ya koma wurin hutawar kyanwa. Cikin 'ya'yansa biyar, Auta ce kaɗai ta gaji idonsa. Ita a kwamfuta take zana wa mutane tambari, wasu ma a ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba, kuma ba ta yarda ta sake wa sana'ar suna ba. Wata rana ta zo masa da murna, da wata 'yar takarda a hannu.

"Baba, na yi wa sunanmu rajista a bulokcen."

"A ina?"

"Wani littafi ne a intanet, irin naka ɗin nan. Bambancin kawai, ba mutum ɗaya ke riƙe da shi ba, dubban kwamfutoci ne, kuma abin da aka rubuta a ciki ba mai iya gogewa. Yanzu duk mai neman shafinmu, ko mai son biyana da kirifto, kuɗin nan na intanet, Sai An Duba kawai zai rubuta."

Wannan ya burge shi. Littafin da ba a gogewa ai littafin kirki ne.

Ta miƙa masa takardar. Kalmomi goma sha biyu ne a jere, ba wadda ta san 'yar'uwarta. "Duk wanda ya mallaki waɗannan, shi ne mai sunan da duk abin da ke ƙarƙashinsa. Kai zan ba wa ajiya, don na san ko iska ba ta shiga akwatinka. Kada ka ba kowa, Baba. Kowa."

"Ni za ki koya wa ajiya, uwata?" Ya linke takardar ya sa a akwatin ƙarfe, kusa da hatimin shagon da mahaifiyarta ta saba bugawa. Ta kuma buga masa hoton shafin ofishin rajistar da tambarinsa, ta manna a bango don ya riƙa nuna wa abokai. Ya kuwa nuna, har mai agogo ya ce kunnensa ya gaji.

Ranar da abin ya faru, Auta tana asibiti, kwana biyu da yi mata aiki aka ciro ɗanta na fari. Wayar shagon tana hannun Baba. Da hantsi saƙo ya shigo, wai daga ofishin rajista: wa'adin sunan zai ƙare yau da ƙarfe huɗu, idan ba a sabunta ba za a saki sunan ga duk mai so. A latsa nan, a shigar da kalmomi goma sha biyu.

Ya latsa, shafi ya buɗe, ga tambarin ofishin a sama. Sai ya yi abin da ya saba yi shekara arba'in. Ya jawo gilashinsa, ya kara wayar kusa da hoton da ke bango, ya bi layi bayan layi. Ya duba kaurin haruffa, ya duba inda da'ira ta haɗu, ya ƙirga tsinayen tauraron da ke ciki. Ba inda hannu ya yi rawa. Sak.

Mai agogo ya leƙo. "Abokina, ka bari yarinyar nan ta farfaɗo mana. Abin nan na yaran zamani ne."

"Ta farfaɗo ta tarar suna ya tafi? Ai na duba."

"Ba ta ce kada ka ba kowa ba?"

"Kowa daban, ofis daban. Ka taɓa ganin an kawo takarda da hatimin gaskiya na ƙi ta? Je ka ji da agogunanka da ba guda biyu da suka yarda da juna."

Da yatsa ɗaya ya shigar da kalmomin, a hankali, yana duba kowane harafi sau biyu don kada ya ɓata wa ofis aiki. Har wani daɗi ya ji da ya gama. Bawan Allah bai san cewa a allon waya ba a kwaikwayon tambari da hannu ba, ɗaukarsa ake yi ɗungurungum a ajiye a wani wuri, kuma na ɓarawo da na ofis abu ɗaya ne har ƙwayar ƙarshe. Ƙaryar tana can cikin adireshin shafin, ɗan siririn rubutu a can sama, inda bai taɓa tunanin akwai abin dubawa ba. Ruwa dai kan ci gwani.

Da yamma ya je asibiti da albishir. Auta tana kishingiɗe da jariri a gefe. Tana jin bayaninsa ta karɓi wayar, ta yi 'yan latse-latse, sannan ta ajiye ta. Abin da ta tara ya tafi, sunan ma an mai da shi hannun wani.

"To a rubuta musu wasiƙa," in ji shi. "Ni zan je ofishin da ƙafata."

"Babu ofishin da zai iya, Baba. Ai na gaya maka ba a gogewa."

Ba ta yi masa faɗa ba, kuma wannan ya fi ci masa rai. Cewa ta yi, "Kuɗi ne, za a sake nema. Riƙe jikanka." Ya riƙe yaron, amma kunya ta hana shi kallon uwar.

Shi ma ya so ya ɗauka cewa asarar ta tsaya a gidansu. Bayan mako uku sai ga wata tsohuwar shugabar makaranta da sandarta. Shi ya sassaƙa mata hatiminta na farko, yana nan a littafi da kwanan watansa. Ta zauna a benci suka gaisa, suka yi ta tuna mutanen da, waɗanda yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. An turo wa ɗanta saƙo da sunan Sai An Duba, da hoton allon shagon, ana gayyatarsa wani saka jari. Ya yi shakka, ya zo ya tambaye ta. Ita ta ce masa ya saki jiki. Yanzu jarin shagonsa ya tafi.

"Ba ƙara na kawo ba, Malam," in ji ta. "Na zo ne don ka sani. Sunanka na gani, shi ya sa ban ce ya duba ba."

Bayan ta tafi ya ɗaga ido ya kalli allon shagon. Shekara arba'in da ɗaya bai bar hatimin ƙarya ko ɗaya ya fita daga lungun nan ba, ga shi yau amanar da ya tara ita ce ƙugiyar da ake kama mutane da ita. Muddin allon nan yana rataye, shaida yake yi wa ɓarawo.

A sana'arsu akwai ƙa'ida. Idan hatimi ya faɗa hannun da ba nasa ba, ba a zaman jiran a dawo da shi. Soke shi ake yi, a sanar da duk wanda ya san shi. Auta ta riga ta yi nata sanarwar a intanet. Shi kuwa ya buɗe baƙin littafinsa, ya fitar da sunan duk wanda ke raye, ya bi su gida-gida da ƙafarsa har kwana shida, yana faɗin magana ɗaya: "In kun ga sunana, ba ni ba ne."

A rana ta bakwai mai agogo ya riƙe masa tsani, ya sauke allon. Wannan karon ba tsokana. Mai Hatimi ya buɗe akwatin ƙarfe ya ɗauko hatimin shagon. Yatsansa ya faɗa gurbin nata. Ya zaɓi rezar da ta fi kaifi.

"Wannan kam ka bar shi mana," in ji mai agogo a hankali. "Wa zai gan shi a akwati?"

"Ni zan gan shi."

Ya ja rezar daga gefe zuwa gefe, ta ratsa da'ira biyun da sunan da matarsa ta raɗa masa. Ya dangwala shi a tawada, ya buga a shafin ƙarshe na littafin, ya rubuta kwanan wata. Daga nan, don hali zanen dutse ne, ya jawo gilashinsa ya duba. Layin da ya yanka ya karkace a tsakiya. Hannunsa ya yi rawa.