Dakta Sagiru, Wa Zai Auna Mana Yauƙin?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga Mayu, 2025, bayan azahar, aka kira ni daga Katsina cewa Allah Ya yi wa Dakta Sagiru Barau rasuwa, bayan jinyar kwana huɗu.

Dakta, shekara uku ke nan da ka shigo ofishinmu na malaman gona a Safana da kwalbar ruwan karkashi a hannu. Na tsokane ka, na ce an tura ka karatun kimiyya ka dawo mana da miya. Ba ka ji haushi ba. Ka zaunar da ni, ka ce yauƙi wasu dogayen zaruruwa ne da ido ba ya gani, danginsu ne a roba da leda, kuma suna riƙe ruwa. Ka haɗa shi da ƙaro, ka busar, ya zama gari. Bara a gonaki shida na ƙauyen Tsaskiya na ga geron da aka shuka da garin nan ya jure kwana goma sha biyu babu ruwan sama. Da kanka kake durƙusawa kana zuba wa tsofaffi a ramin shuka.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Bana manoma arba'in sun yarda za su shuka da ruwan farko, saboda na yi musu alkawarin garinka. Irin da ke hannunsu na shuka ɗaya ne, in ya ƙone babu wani. Hadari ya fara haɗuwa, garin kuwa ba a haɗa ba. Matarka Mahfuza ta ba ni littafinka. Komai ka auna ka rubuta, ban da kaurin yauƙin. A wurin sai ka sa: "Kamar na miyar Inna."

Na je Karare yi wa mahaifiyarka Inna Tasalla gaisuwa, da niyyar in roƙe ta ta kaɗa mana karkashin. Yaya zan ce wa uwa mai makoki ta ɗora tukunya? Ina miƙewa ta ce, "Yasir, ɗana, ka dawo jibi. Ai ni ke kaɗa mashi duk shekara." Amma wallahi, Dakta, ina jin tsoron kada ruwa ya riga mu.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa aikinka ya zama sadaka mai gudana. Ya ba Inna, da Mahfuza, da 'ya'yanka haƙurin rashinka. Ya kuma jinkirta mana ruwan farko da mako guda. Shekarata ashirin ina malamin gona, ban taɓa roƙon haka ba sai bana.