Hannun da Bai Kai Ba

Taribum mai sassaƙa hatimi ne a birnin Larsa na zamanin dā, kamar mahaifinsa. Dutse yake samu kamar gaɓar yatsa, ya huda, ya zana masa siffofi, ta yadda in an mirgina shi a ɗanyen yumɓu za a ga Shamash, ubangijin rana, a zaune, ga uwargijiya Lama da hularta mai ƙaho ta riƙo hannun mai hatimin tana kai shi gabansa. Riƙon nan mutane ke saye, don wanda Lama ta saki ba shi da mai ceto.

Yana saurayi ya yi wa amininsa Ubarrum, matuƙin jirgin ruwa, hatimi. Ana gab da gamawa dutsen ya ɓantare daidai yatsun Lama. Kunya ta hana shi faɗa. Ya goge wurin ya yi sumul, hannun Lama ya tsaya bai kai ga na mai hatimin ba, saura kamar ƙwayar sha'ir. Ubarrum ya rataya a wuya bai duba ba.

Shekara goma sha ɗaya Taribum yana ɗauke da abin a ransa. Jirgin Ubarrum ya nutse da dabino. Zazzaɓi ya ɗauke 'yarsa Beltani. Duk wanda ya faru, sai abinci ya gagari Taribum.

Wata safiya Taribum ya sami Ubarrum bakin kogi yana gasa kifi.

"Magogin duwatsu, ƙamshi ya jawo ka?" in ji Ubarrum. "Zauna, kan kifin naka ne."

Taribum bai zauna ba. Ya ɗebo yumɓu, ya roƙi hatimin, ya mirgina, ya nuna masa giɓin, ya faɗi komai.

"Ba ni shi yau, ɗan'uwa, in haɗa hannun."

Ubarrum ya daɗe yana shafa wurin da yatsa.

"Duk garin nan da wannan zanen aka san ni. In ya sake, wa zai yarda ni ne?" Ya mayar da shi wuya. "Lokacin da Beltani ke kwance, kullum sai ka zo gaishe ta. Ka sani a lokacin?"

"Na sani."

Ubarrum ya juya kifin, wanda ya riga ya ƙone.

"Je ka gida, Taribum."