Lambar Maganin Feshi a Kan Man Kaɗanya

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, ina da ɗan teburi a Babbar Kasuwa, ina sayar da man kaɗanya da sabulun salo. Ban san harafi ko ɗaya na boko ba, amma hancina ya san mai mai kyau. Matan Ƙofar Sauri, unguwarmu, sun yarda da ni.

A lokacin mata suna son haske, suna kuma tsoron a ce suna bilicin. Kowacce ta zo sai ta ce, "Malam, na gargajiya nake so, wanda ba haɗi." Ni kuma tambaya ɗaya ta riƙa cin raina: me zai faru in na ɗan zuba kaɗan? Na sayi man bilicin, na matse a cikin kaɗanya, na sa kurkur don launi ya saje. Wadda ta fara saya ta dawo da ƙawayenta. Daga kaɗan na koma rabi da rabi, bakina kuwa bai daina cewa "zalla ne, daga itace" ba.

Sai rediyo ta fara gargaɗi kada a sayi man shafawa sai mai lambar hukuma. Na yi ta juya kwalabe ina mamakin yadda 'yan zane-zane ke sa hankalin mutum ya kwanta. A shagon wani maƙwabcina na ga gora mai hoton koren ganye. Na ce a raina, ganye ai shi ne gargajiya. Na ɓare takardar na kai wa mai sassaƙa hatimi.

Ya dube ni ya ce, "Ka san lambar mi ce wagga?"

Na ce, "Kai dai sassaƙa, ba wa'azi na zo ji ba." Ya sassaƙa, na riƙa buga lambar a kan robobin man da nake sayarwa.

Hajiya Rabi ƙawar mahaifiyata ce, ta goya ni ina yaro. Ta zo teburina ta ce, "Ɗan nan, fatata ba ta son haɗi, ko turare na shafa sai ta yi ƙuraje. Tsakaninka da Allah, zalla ne?"

Na juya mata robar na ce, "Inna, ga lambar hukuma."

Ta yi dariya ta ce, "Ni da kai wa ya iya karanta ta? Bakinka na tambaya."

Na ce zalla ne. Ta saya.

Kafin wata ya ƙare kumatunta sun ƙone, sun yi baƙi kamar gindin tukunya. Ɗanta ya kai robar wurin hukuma, aka zo aka tafi da ni. A kotu jami'in hukumar ya ɗaga robar ya ce lambar gaskiya ce, sai dai ta maganin feshin ƙwarin wake ce. Mutane suka fashe da dariya. Hajiya Rabi tana zaune a baya, ta rufe fuska da mayafi, ba ta yi dariya ba.

Aka yanke mini shekara biyu. A gidan yari wani tsohon malamin firamare ya fara nuna mini haruffa a ƙasa da tsinke. Yanzu ina ajin yaƙi da jahilci, da hannuna nake wannan rubutu, a hankali.

Da na fito na je gaida Hajiya Rabi. Daga bayan labule ta amsa. Ta ce, "Na yafe maka don Allah. Amma ka sani, tun daga lokacin ko taron suna ban ƙara zuwa ba."

Samari, in an ce muku abu na gargajiya ne, ku tambayi abin da ke ciki, ku nemi wanda zai duba muku lambar. In ku ne masu sayarwa, kada ku ce zalla alhali kun san kun gauraya. Ni na tuba, ina roƙon Allah gafara. Abin da na rasa kuwa ga shi: shekara biyu, teburi ɗaya, yardar unguwa guda, da fuskar Hajiya Rabi, wadda har ta rasu ban sake gani ba.