Rabin Magani a Ƙetaren Kori

Ana idar da sallar asuba muka bar Agadas, ni da mai tuƙi, cikin tsohuwar motar da Nasara suka bar mana da suka miƙa mulki. Ni ne majo, wato babban ma'aikacin jinya a wata 'yar likita, ƙaramin asibiti na cikin gari. An aike ni wani ƙauye kusa da Tabelot in duba akwatin maganin ko-ta-kwana da aka ba mai jinyar can, don an ce yana taɓawa. In na tarar da giɓi, aikinsa ya ƙare.

Hanyar Abzin kam sai mai haƙuri. Dutse, yashi, dutse, har haƙorana suka gaji da karo. Amma da muka isa na saki baki: ga lambuna kore shar, shanu na jan guga daga rijiyoyi, albasa kuwa arha kamar a roƙe ka ka ɗauka. Aka tarbe mu da cuku da shayi, na sha kofi uku ina satar kallon akwatin.

Na buɗe. Wallahi rabi babu! Auduga, allurai, ƙyallen ɗaure rauni, duk rabi. Mai jinyar, wani siririn mutum marar son magana, ya ce, "Majo, kafin ka rubuta, zo mu ƙetare kori." Kori shi ne faffaɗan rafin yashin da ya raba ƙauyen biyu, a bushe ƙayau. Raina a ɓace yake, amma son jin ƙwaƙwaf ya ja ni.

Muna can ƙetare wajen azahar muka ji ruri daga duwatsu. Ko ɗigo bai sauka a kanmu ba, sai ga ruwa ja wur ya cika korin, yana tafe da itatuwa. 'Yar likitar ƙauyen da motarmu suka rage a wancan gefe. Ana cikin gudun kwashe dabbobi bakin wata rijiya ya rufta da wani mai lambu, aka ciro shi cinyarsa a tsage, jini na zuba. Na laluba jikina, ba ni da komai sai alƙalami.

Sai ga wata tsohuwa da jakar fata. Ta zazzage: rabin maganin nan ne cif. Ta danne raunin, ta ɗaure kamar yadda mai jinyar ya koya mata, shi kuma ya ɗinke. Ya ce mini, "Duk damina ruwan nan yakan raba mu kwana biyu. Bara mutum ya mutu nan ina kallo daga can." Kunya ta rufe ni.

Kwana biyun kuwa muka yi. Mai lambu ya tashi, har ya cika mana mota da albasa. Na rubuta cewa akwati ya cika.

Tafiyar nan ta koya mini cewa shiri ba tara kaya wuri ɗaya ba ne. Da muka iso Agadas na sa hannu aljihu zan ciro goro, sai na ji ƙarfe. Mabuɗin ɗakin maganin ko-ta-kwana na likitarmu ne, shi kaɗai gare mu. Kwana huɗu yana yawo da ni a Abzin.