Ummaru Mai Roƙon Jini

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina buɗe shago labari ya iske ni: an kashe Ummaru a hanya.

Ummaru ɗan kabu-kabu nake nufi, wanda kuka saba gani a shafin nan yana roƙa wa marasa lafiya jini. Dogon nan mai zanen Gobirawa daga baki har kunne, mai fara magana da "Jama'a, na sake dawowa, kuma ban ji kunya ba."

Jiya da la'asar ya mayar da wani bawan Allah gida wajen Gangara, mutumin da ya zo asibiti ya ba da jini. A hanyar dawowa 'yan bindiga suka tare shi. Manoma ne suka tsinci gawarsa. Yanzu muka dawo daga maƙabarta, ƙasar kabarinsa na nan a ƙafata.

Ni ne Lawali mai cajin waya a Sabon Birni. Ba ku san fuskata ba, domin duk bidiyon da kuka taɓa gani a nan, ni ke riƙe da wayar.

Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba. Tun kafin a rufe shi wasu suka fara cewa shi ya ja wa kansa. Wai yawan nuna fuska a waya. Wai dama abin nan na yaɗa roƙo a intanet riya ce, neman suna ne, tona asirin Gobir ne.

To ku zauna, yau sai na ba ku amsa.

Ranar da muka fara, fasinja Ummaru ya kai asibiti. A bakin ƙofa ya tarar da wani tsoho a tsugunne. Ƙauyensu ya watse, 'yarsa ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. An ce masa ya kawo dangi su ba da jini, kamar yadda ake gaya wa kowa.

Tsohon ya ce wa Ummaru, "Dangi? Wasu suna Nijar, wasu suna Sakkwato, wasu suna ƙasa. Wa za ni kira?"

Ummaru ya naɗe hannun riga ya ba da nasa. Bai isa ba. Ya zo shagona a guje ya ce in ɗauko waya mu koma.

Da muka isa na saita wayar a kan tsohon, don ni a tunanina hawayensa ne zai motsa zukatan mutane. Ummaru ya sa tafin hannu ya rufe kyamarar.

"Lawali, mai ciwo ciwo nai ya ishe shi, kak ka ƙara mai da kunya. Juyo wayag ga wurina. Ni ba ni da kunyar da za ta zube."

Daga ranar dokar ta kafu. Ku duba shafin nan daga sama har ƙasa, ba za ku ga fuskar majinyaci ko ɗaya ba, ba sunan ƙauye, ba sunan miji. Fuskar Ummaru ce kaɗai. Shi aka yi wa dariya, shi aka laƙa wa maroƙin waya, shi yara ke kwaikwayo a tasha. Matan da aka ceta kuwa suna nan suna zuwa kasuwa da gidan suna da mutuncinsu, ba wanda ya san an taɓa roƙa musu komai.

Wannan ce riyar da kuke faɗi?

Na san akwai maƙaryata masu ɗauko hoton yaron wani su sa lambar asusu. Akwai su, Allah Ya shirye su. Mu ba mu taɓa neman kwabon kowa ba. Jini muke nema, shi kuwa jini ba a turo shi ta waya. Sai mutum ya taso da ƙafarsa, ya kwanta a gadon asibiti, an soka masa allura. Duk mai cewa danna "shiya" don tura bidiyo gaba aikin banza ne, ya zo ya ga yadda wannan dannawar ke zama mutum a tsaye a bakin ƙofa yana cewa, "Ni ne na gani a waya."

Kun ce sadakar kirki ita ce wadda hannun hagu bai san dama ta bayar ba. Gaskiya ne, malamai sun faɗa. Amma matar da ke zubar da jini ba ta da lokacin jiran wanda zai yi mafarkinta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda danginsa suka watse, masu riƙe da wayoyin nan su ne danginsa.

Lokacin da aka katse mana sabis a yankin nan, na ɗauka shi ke nan. Ummaru ya sayi layin Nijar. Yakan goya ni mu nufi wajen Burkusuma, mu yi ta yawo a gonaki muna neman inda sabis zai shigo. Akwai wani suri da ya zama ofishinmu. Shi ke hawa don ya fi ni tsawo, ya ɗaga waya sama, gara na cizon ƙafarsa, yana tsalle yana zagina wai na ɗauki bidiyo mai nauyi.

Kowa ya ba da jini, Ummaru ba ya barinsa ya tafi haka. Sai ya saya masa fura ko maltina, ya goya shi har ƙofar gida. In an ce ya bari, sai ya ce mutumin da ya bar jininsa a garinka ba a barinsa ya nemi mota.

Akwai Baba Rasaki, Bayerabe mai gyaran janareta a Isa. Ya ga bidiyo, ya rufe shago, ya taho. Kun san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa. Yana kwance ana ɗibar jininsa, Ummaru na tsaye a kansa yana cewa, "Yau dai bawa ya yi wa iyayen gidansa rana." Baba Rasaki ya ce, "Ku yi shiru, jinin sarauta na kawo muku, ku riƙe shi da kyau." Har nas ɗin sai da ta ajiye abin hannunta don dariya.

Ɗazu na ga Baba Rasaki a maƙabarta.

Jiya dab da la'asar muka rabu. Ya tsaya a shago ya sha ruwa a tsaye, kamar kullum. Ya ce ya gaji da ganin fuskarsa, wata rana ni ma sai na fito. Na ce masa ya fi kowa sanin in'ina gare ni, kafin in gama sallama data ɗin mutane ya ƙare.

Ya yi dariya har da dukan kantar shagon. "Ai shi ya fi. Suna jiran ka ida magana, tausai ya kama su."

Ya tada babur ya ce, "Za ni kai mutumen ga gida, yanzu ni dawo."

Ke nan.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna nake wannan rubutu maimakon in zauna a wurin makoki.

Muna dawowa daga maƙabarta wani mutum ya tare ni a ƙofar shago. Daga wani ƙauye yake, bai ma ji labari ba. Ya ce an kwatanta masa nan ne ake samun Ummaru mai roƙon jini. Matarsa na kwance, an yi mata aiki an ciro jariri, irin jininta kuma mai wuyar samu ne, O nagetif. An gwada nasa bai yi ba. Da na gaya masa daga binne Ummaru muke, sai ya zauna a ƙasa, ya ce, "To ita ma shi ke nan."

Ban san lokacin da na ce masa ya jira ni ba.

Na shiga gida don in ɗauko waya. Inna, mahaifiyata, ta riga ta gane. Ta tsaya a bakin ɗaki.

"Lawali, kai kaɗai gare ni namiji. Shi da yab bayyana huska tai, ka ga abin da anka yi mai."

Na ce, "Inna, ba huska tai tas sa ba. Mutum nawa anka kashe bisa hanyag ga waɗanda ba su taɓa riƙa waya ba? Wancan da ad zaune waje, matatai na mutuwa."

Tsoron da take ji ni ma ina jin sa, ƙarya ne in ce ba na ji. Ban san abin da ke cikin zuciyar waɗanda suka harbe shi ba, ko sun gane shi ko babur kawai suka gani.

Can ta kauce daga hanya. Ta ce, "To wanke huska, ka sanya hula. Kak ka hito ma duniya kamar wanda anka kora."

Saboda haka masu cewa a rufe shafin nan, ku ji da kyau: ba za a rufe ba. Mai ganin riya ce, ya zo ya yi tasa sadakar a ɓoye, gadon ba da jini na nan ba kowa a kai. In ba ka yi ba, ba mu wuri.

Bidiyo na tafe bayan wannan rubutu. Za ku ga wani gajere baƙi, idanunsa jajur, yana kokawa da kalmomi. Ni ne. Ku yi dariya in kuna so, amma ku saurara har ƙarshe, sannan ku tura shi gaba. Wanda ke da irin jinin nan a Sabon Birni, Isa ko kewaye, ya yi mani magana a nan. Ban iya babur kamar Ummaru ba, amma zan kai ka gida.

Ya Allah, ga bawanKa Ummaru ya zo gare Ka. Ya rufa asirin bayinKa a duniya, Ka rufa nasa a lahira. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri, Ka tsaya musu. Ka kawo mana ƙarshen wannan masifa ta hanyoyinmu.

Don Allah duk wanda ya karanta, kar ya wuce bai yi masa addu'a ba. Ku haɗa da matar nan da ke kwance, wadda ba za ku taɓa sanin sunanta ba. Shi mun riga mun rufe shi. Ita tana numfashi.